Hob ɗin taya ɗaya yana zafi a tirelar tafiye-tafiye: ƙarin giris ko canjin boris?

Mai Tirela ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tirela irin wadda mota ke ja ana kwana a cikinta, mai aksul biyu, kowanne yana ɗaukar nauyin kusan kilo 1,590. Shekara biyu ke nan da na saye ta a hannun wani, kuma ban taɓa buɗe hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, ko ɗaya ba, saboda duk tafiyar da ta yi a wurina ba ta kai kilomita 5,000 ba. A fitarmu ta ƙarshe, da na tsaya hutawa na zagaya ina dafa tsakiyar tayoyin, sai na ji uku suna da ɗumi kawai, amma ta baya ta hagu ta yi zafin da ba na iya barin tafin hannuna a kanta, sannan na ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim ɗin. Akwai nipul, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, a bakin aksul ɗin. Shin in ɗura giris ta nan ya wadatar, ko dole ne in kwance? Idan na kwance, ta yaya zan gane boris ɗin da zai koma da wanda ya gama aiki?

Tsohon Makanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sake hawa titi da ita sai ka buɗe, kuma duka huɗun za ka buɗe. Ƙarancin tafiya ba hujja ba ce, domin ƙa'idar da kamfanin Dexter mai ƙera aksul ya gindaya ita ce a duba a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000, duk wanda ya riga cika. Tirelar da ta daɗe a ajiye tana tara raɓa a cikin hob, man da ke cikin giris ya tsane ya bar tauri, tsatsa kuma ta kama daidai inda 'ya'yan boris suka zauna a kan zobensu.

Ka sa jak a ƙarƙashin shasi, ba a jikin bututun aksul ba, ka tokare da ƙafar ƙarfe. Kafin ka cire taya, kama ta sama da ƙasa ka jijjiga, sannan ka juya ta kana saurare. Gurnani ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa alama ce marar kyau. Kowane hob yana da boris biyu masu tsukakken kai, babba a ciki, ƙarami a waje. Ka wanke su tas da kananzir, ka bari su bushe, kuma kada ka hura musu iskar kwamfuresa har su riƙa juyawa a bushe. Sai ka kai su haske ka bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da farce. Idan farcenka ya maƙale a wani rami ko zane, ko ƙarfen ya koma shuɗi-shuɗi saboda ƙuna, ko kejin da ke riƙe 'ya'yan ya lanƙwashe, to wannan ya gama. Kuma duk lokacin da aka canja boris, da zoben da yake gudu a ciki ake canja shi, domin tsohon zobe yana cinye sabon boris nan da nan.

Wurin da na fi ganin mutane suna kuskure shi ne ɗaurin noti. Wannan notin ba irin na taya ba ne da ake ɗaure shi tamau. Za ka matse shi zuwa kusan Nm 68 a ma'aunin ƙarfin ɗauri kana juya hob ɗin da ɗaya hannun don boris ya zauna daram, sannan ka sassauta shi gaba ɗaya ba tare da ka motsa hob ba, ka mayar da shi da yatsunka har ya taɓa, ka ja shi baya kaɗan zuwa giɓin farko da ya yi daidai da ramin ƙusar kulle. Ɗan wasan da ake so ya rage bai wuce kaurin takarda ba. Boris ɗin da aka shaƙe yana yin zafi cikin ƙanƙanin lokaci, ko da an cika shi da giris mafi kyau.

Mai Dogon Zango ya amsa:

Na yarda da bayanin dattijo, sai dai ina so in ja hankali kan abu ɗaya: ba kowane zafin hob ne laifin boris ba. Birkin da ya maƙale, ko aka matse shi fiye da kima, yana dafa duram har zafin ya isa hob. Idan ka ɗaga tayar ka ji tana juyawa da ƙyar tana gogar wani abu, ka duba birkin kafin ka yanke hukunci.

Game da nipul, yana da amfaninsa idan aka yi a hankali da famfon hannu ana juya taya, har tsohon giris ya fito ta gaba. Amma ni na taɓa gaggawa a kan tawa, sil ɗin baya, wato robar da ke tare giris kada ya fita, ya buɗe ban sani ba, giris ya cika duram ya jiƙe takalman birki, sai da na zubar da su na sayi sababbi, domin takalmin da ya sha giris ba ya wankuwa. Tun da kai ka riga ka ga giris a rim, da alama naka sil ɗin ya saki, ƙari ta nipul zai ƙara ɓata birkin ne kawai. Sannan ba ka san irin giris ɗin da mai ita na farko ya sa ba, kuma wasu nau'o'in idan suka haɗu sukan tsinke su zube. Ka wanke komai, ka tsaya kan iri ɗaya, na litiyam mai jure zafi, mai lambar kauri NLGI 2.

Mai Tirela ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na buɗe jiya. Sil ɗin ya tsage, takalman birki sun jiƙe, boris na waje ya yi shuɗi, na ciki kuma yana da layukan tsatsa a jikin zobensa. Sauran ukun lafiya lau suke, giris ɗin ne kawai ya yi duhu. Lambobin da na karanta a jikin boris ɗin biyu su ne L68149 da L44649. Ta yaya zan fitar da zoben ba tare da na lalata hob ba?

Tsohon Makanike ya amsa:

Lambobin sun dace da aksul mai wannan nauyi; zoben na ciki L68111 ne, na waje L44610. Ka kifa hob ɗin a kan katako, ka zura sandar tagulla ta ɗaya gefen, ka riƙa buga bayan zoben kaɗan-kaɗan kana zagayawa don ya fita a miƙe. Wajen sa sabon, ka ɗora tsohon zoben a kansa ka buga a kan tsohon, har sai ka ji ƙarar gudumar ta canja ta yi tauri, alamar ya kai ƙasa.

Wajen cika boris, ka ɗebi giris a tafin hannu ka riƙa danna faffaɗan gefensa a ciki har giris ya ɓullo ta tsakanin 'ya'yan a ɗaya gefen, ka zagaye shi duka. Shafa a bayansa kawai ba ya wadatarwa. Ka sa sabon sil da sabuwar ƙusar kulle a kowace taya, har da ukun da ba su lalace ba, kuma ka shafa yatsa a inda sil ke zama a sandar aksul, domin idan wurin ya yi kwari sabon ma zai yi yoyo. Takalman birki ka canja na gefe biyu na wannan aksul ɗin tare, don kada tirelar ta riƙa fizga gefe guda. Bayan ka haɗa, ka sake duba ɗaurin notocin taya bayan kilomita 15, da 40, da 80, kuma a kowace tsayawa ka dafa hob ɗin nan huɗu ka gwada ɗuminsu da juna.