Waɗanda suka taɓa sauka tsibirin Komodo daga jirgin ruwa, ku ba mu labari

Wata uwa daga Kano: Assalamu alaikum. Ni da maigida mun biya kuɗin jirgin ruwan yawon buɗe ido da zai tashi daga Bali, kuma cikin zangonsa akwai tsibirin Komodo na Indonesiya, mazaunin dabbar nan mai kama da ƙaton ƙadangare da ake kira Komodo. Da 'yarmu mai shekara 9 za mu. Don Allah wanda ya taɓa taka wurin ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Ɗalibi a Malesiya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babban jirgin ba ya matsowa gaɓa. Can tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa kwaso ku zuwa Loh Liang, inda baƙi ke sauka a tsibirin. Da kun sauka za a raba ku rukuni-rukuni, ma'aikacin gandu ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne riƙe da doguwar gwafa. Da ita suke tare wuyan dabbar in ta nufo mutane. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa, ga rana kamar ta Azahar a watan bazara. Ku ɗauki ruwa da malafa da takalmi rufaffe.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta: 'Yata, bari in gaya miki abin da ya tsaya mini a rai. A gida mun san damo da guza, har kirari muke wa damo da sarkin haƙuri. To wannan danginsu ne, amma babba yakan kai mita 3, nauyinsa wajen kilo 70. Guda huɗu muka tarar kwance a inuwa kusa da wani ɗan tafki, kai ka ce kututtukan itace ne. Mutane har sun fara gunaguni, wai wannan muka biya kuɗi mu gani? Sai ɗaya ya ɗaga kai. Ya zaro harshe mai baki biyu, ruwan ɗorawa, ya mayar, ya sake zarowa, yawu na zuba daga bakinsa. Da harshen yake shinshina iska. Ya miƙe ya doso mu a hankali, jela na jan ƙasa, faratansa na kartar tsakuwa. Wallahi wurin ya yi tsit. Ma'aikacin bai ɗaga murya ba, ya dai sa gwafa a gabansa ya ce mu ja baya kada kowa ya gudu. Shi ya bayyana mana cewa cizonsa da dafi mai hana jini tsayawa, kuma barewa da aladen daji har da ɓauna duk abincinsa ne. Ƙananansu a kan bishiya suke zama, don manyan na cinye su. Kwanciyar nan tasa kada ta ruɗe ki, ba ta haƙuri ba ce.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, in kina fashin salla ranar, ki ja ma'aikacin gefe ki sanar da shi, haka ma mai buɗaɗɗen rauni. Su da kansu suke roƙon a faɗa, saboda ƙarnin jini. Ni na faɗa, ya sa ni kusa da shi har muka gama. Yarinyar kuma hannunta cikin naki, kada ta tsuguna ɗaukar hoto. Ki fara tambayar kamfanin jirgin ko suna barin mai shekarunta ta sauka.

Ɗalibi a Malesiya: Na manta, Hajiya: mutanen ƙauyen Komodo yawancinsu Musulmi ne, “ora” suke ce wa dabbar. Na yi wa wani mai sayar da sassaƙen itace sallama a bakin gaɓa, ya amsa da murna har ya riƙe mini hannu. Tun 1980 aka mai da yankin gandun daji na ƙasa, sayar da tsaraba na cikin abin da suke ci da shi. Ku canji kuɗin ƙasar, rufiya, tun a Bali.

Wata uwa daga Kano: Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa yarinyar labarinka, ta ce ita ƙananan da ke kan bishiya take so ta gani. Gobe zan kira kamfanin kan maganar shekarunta.