Jirgina yana kauce wa titi duk lokacin tashi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu tuƙa jirgi a kwamfuta. Mako biyu ke nan ina fama da ƙaramin jirgin sama Cessna 172 a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta X-Plane 12. Da zarar na ba shi wuta a titi na 06 a filin jirgin saman Kano, sai hancinsa ya ja hagu, idan kuma na murɗa sandar tuƙi dama, sai ya zarce cikin ciyawa tun gudunsa bai kai noti 55 ba (noti ma'aunin gudun jirgi ne). Na san jan hagu ɗabi'ar farfela ce, amma wannan ya wuce kima. Na kashe kaɗawar iska a saitin yanayi, na sake daidaita sandar sau uku, abin bai canza ba, kuma ba ni da fedar da ake juya wutsiyar jirgi da ita. Wane saiti zan gyara domin wutsiyar ta riƙa amsawa a hankali?