Kimar da na saya ta ƙi shimfiɗa mayafinta, ina neman shawara

Ɗan Gwammaja (Kuala Lumpur)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kiwon halittun ruwan gishiri a cikinku, ku kawo min ɗauki.

Makon jiya na sayo kima, wato ƙatuwar kawar nan ta teku mai ɓawo biyu da nama mai launi shimfiɗe a bakinta. Sunan da 'yan Malesiya ke kiranta ke nan, ni ma da shi na saba. Tawa irin Tridacna maxima ce, ƙarama, santimita 7, shuɗiya mai ɗigon baƙi a gefe-gefe. A shago mayafin naman nan ya sauko har ya rufe bakin ɓawon. Da ta zo gidana sai gefen hagu kaɗai ke fitowa, na dama a tattare yake, ana hango farin ɓawo. A kan yashi na ajiye ta, amma kullum da safe a kishingiɗe nake tarar da ita, sai in miƙar. Jiya na ɗora ta kan dutse, kafin magariba ta faɗo.

Tankin lita 300 ne, ya haura shekara. Gishiri 1.025, kalsiyam 410, magniziyam 1300, naitiret sifili, fosfet ma gwaji ba ya nuna komai. KH, wato ma'aunin kabonet ɗin ruwan, kan sauka zuwa 7, in na zuba magani ranar Asabar ya koma 9. Zafi 27 da safe, da la'asar yana taɓa 29 domin tagar ɗakin yamma take kallo. Fitila LED ce. Kifi huɗu ne a ciki, har da Coral Beauty guda.

In na gifta hannu tsakaninta da fitila, nan take take rufewa. Mai shagon ya ce in tsoma ta a ruwan daɗi na minti 30, wai ciwon tattarar mayafi ne. In yi? Kuɗin da na biya kada wanda ya tambaye ni, uwargida na karanta abin da nake rubutawa a nan.

Baban Khalifa (Jidda)

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tsoma ta tukuna. Kuma don Allah cire hannunka daga tankin nan.

Wannan rufewar da take yi in inuwa ta gifta albishir ne. Ɗigon baƙin da ka gani a gefen mayafin idanu ne, da su take gane inuwa. Kimar da ke bakin mutuwa ba ta kula da hannunka, za ka ga ɓawon ya wage, kafar da take shan ruwa ta buɗe hangam, naman ya janye can ciki. Taka ba ta kai nan ba.

Maxima ba 'yar yashi ba ce. Mu nan Bahar Maliya cike take da su. In ka shiga ruwa wajen Abhur, arewa da Jidda, a kan dutsen murjani za ka gan su, a ruwan da bai fi ƙugu ko kirji ba, kowace ta cusa gindinta cikin dutse, rana na dukanta tun safe. Akwai kafa a ƙasan ɓawon inda take fito da zare ta ɗaure kanta. Duk sanda ka ɗaga ta, ka tsinke abin da ta kwana tana saƙawa, gobe ta sake daga farko. Shi ya sa take ta faɗuwa. Nemi ɗan faifan dutse mai kwarmi wanda gindinta zai zauna daram, ka ajiye shi a kan yashi, ka ɗora ta bakinta na kallon fitila, ka tokare gefe da 'yan duwatsu ba tare da sun hana ta buɗewa ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta kama. Daga nan dutsen za ka riƙa ɗagawa, hawa-hawa, kana kusantar da ita ga haske. In wata rana dole ta sa ka raba ta da dutse, reza za ka sa ka yanke zaren daga jikin dutsen. Fizga na iya yago naman da ke yin zaren, kuma da wuya ta tashi.

Gefe ɗayan da ya tattare kuwa, kafin a ce ciwo ne a fara neman ɓarawo. Bayan fitila ta mutu da kamar awa biyu, haska tocila ƙarƙashin ɓawon da cikin lungunan saɓarsa. Kana neman 'yan dodon koɗi farare masu tsini, kamar tsakin shinkafa. Da rana ɓuya suke, da dare su hau bakin ɓawo su soka baki su tsotsi jikinta. Na biyu, zauna nesa da tankin inda kifi ba zai gan ka ba, ka zuba wa Coral Beauty ɗin nan ido. Wasunsu ba ruwansu da kima, wasu kuwa duk wucewa sai sun ɗan ciza.

Maman Ilham (Manchesta)

Baban Khalifa ya gama magana a kan hannu da zare. Ni ruwanka ne bai kwanta min ba, Malam.

KH daga 7 zuwa 9 a yini ɗaya duka ne. Raba maganin nan kashi bakwai ka riƙa zubawa kullum, ko ka sayi ƙaramin famfon da ke ɗiga shi da kansa. Ka tsaya a 8 ko kusa, kada ya motsa. Kima da kalsiyam da kabonet take gina ɓawo, kuma in ta fara girma za ka sha mamakin yadda za ta riƙa shanye su. Tawa derasa ce, wani irin kimar daban, ita kaɗai ta sa na ƙara abin da nake zubawa.

Sai naitiret sifili. Mutane na alfahari da wannan, amma ga kima yunwa ce. A cikin mayafinta akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke karɓar haske su haɗa sukari su ciyar da ita, ita kuma ta ba su masauki da taki. Takin nan naitirojin ne da fosfet daga ruwa. Ka ƙara wa kifinka abinci kaɗan, ka bari naitiret ya hau zuwa 2 ko 5, fosfet wajen 0.03 zuwa 0.08. Wasu za su ce ka sayi ruwan fitofilankton na kwalba, wato ƙananan tsiron ruwa da ake ciyar da ita. Ga 'yar mitsitsiya ƙasa da santimita 5 ba na musu, amma mai santimita 7 in haske ya ishe ta ba dole ba ne.

"Fitila LED ce" ba amsa ba ce, ka yi haƙuri. Ari na'urar auna PAR, wato ƙarfin hasken da ke isa gare ta, a wajen masu shago. Maxima da crocea su ne mayun haske a dangin, suna son 250 zuwa sama a inda za su zauna dindindin. Derasa da squamosa na haƙuri da ƙasa da haka, shi ya sa nake ce wa sabon shiga ya fara da derasa, duk da tana iya kai santimita 60 ta cinye masa fili. Zafin 29 ma a rage. Ƙaramar fanka a saman ruwa da labule a tagar nan za su sauko da shi, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, ka cike da tataccen ruwa marar gishiri.

Na Sabon Titi

Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin awa nawa aka kawo wuta, wasu na auna wa kawa zafin ruwa. Tambayata biyu: ana cin ta? Kuma ba ita ce ake cewa tana kama ƙafar mai ninƙaya ta riƙe har ya mutu ba?

Baban Khalifa (Jidda)

Malam Na Sabon Titi, ana ci mana, cin ne ma ya kusa ƙarar da su. A Okinawa ɗanye ake cin ƙananan, jijiyar da ke rufe ɓawon manyan kuma tana da tsada a kasuwannin Asiya. Ɓawon ma sassaƙa shi ake yi, har sai da lardin Hainan na Sin ya haramta cinikinsa a 2017. Babbar cikinsu, Tridacna gigas, tana wuce mita ɗaya da kilo 200, kuma a 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin masu dab da ƙarewa. Tun 1985 duk dangin suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Don haka Ɗan Gwammaja, tambayi mai shagonka daga ina take. Ana kiwonsu a gonakin teku a Palau da Tsibiran Marshal, kuma ta gona ta fi jure zaman tanki.

Batun kama ƙafa tatsuniya ce. Babbar a hankali take rufewa, sai ta fesar da ruwan cikinta tukuna, manya-manyan ma ɓawonsu ba ya haɗewa gaba ɗaya.

Ɗan Gwammaja (Kuala Lumpur)

Yaya Baban Khalifa, Allah ya ƙara sani. Na haska daren jiya, ga su nan a jere a gefen daman, daidai inda mayafin ya tattare, wasu kuma kusa da kafar zaren. Na tsince waɗanda na gani da hantsaki. Akwai kuma wani abu mai yauƙi, fari-fari, manne a lungun ɓawon. Kifin dai ban kama shi da laifi ba tukuna. Hajiya Maman Ilham, na raba maganin, na gode. Mai shagon ya ce in sayi kifin six-line wrasse ya cinye su.

Maman Ilham (Manchesta)

Mai yauƙin nan ƙwansu ne, shi ne aikin. Tunda ba ta riga ta kama dutse ba, wannan ɗagawar ta halatta: ɗebi ruwan tankin a roba, sa ta ciki, ka bari ta rufe, ka goge ɓawon da tsohon buroshin haƙori, lungu-lungu, kada ka taɓa naman ko kafar zaren. Ruwan robar ka zubar. In ka mayar da ita, ɗan jujjuya ta a cikin ruwa don iskar da ta maƙale ta fita, sannan ka ɗora ta a dutsen nata. Bayan haka a wurin za ka riƙa tsince su da dare, duk kwana biyu ko uku, har wata guda, domin ƙwan da ya tsere maka zai ƙyanƙyashe. Duba jikin manyan dodon koɗin da ke share maka gilashi ma, akan samu irinsu a can.

Kifin da mai shagon ke son sayar maka yana cin su, amma da rana yake kiwo, su kuma da dare suke fitowa, ga shi da neman faɗa in ya girma. Ni ba zan saya ba. Nan da mako uku ka leƙa ƙarƙashin mayafin, a bakin ɓawon. In ka ga sabon farin layi mai tsabta, tana girma ke nan. In kuwa dodon koɗin sun ƙare amma gefen bai saki ba, ko tattarar ta fara yaɗuwa, ka turo hoto mu gani kafin a yi maganar ruwan daɗi.