An fasa shago an bar jini a gilashi: me za a yi kafin 'yan sanda su iso?

Ɗan Terminus: Salamu alaikum. Idan ɓarayi suka fasa shago da dare, da safe aka tarar da jini a fasasshen gilashi da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, me mai shago zai yi?

Malam na Bukuru: Wa alaikumus salam. Ya ja igiya ya hana shiga, har shi kansa. 'Yan jaje ne ke ɓata hujja: su tattake sawun takalmi, su dafa ƙofa, zanen yatsunsu ya hau kan na ɓarawo. Ban da shara. Ya ɗauki hoto daga bakin ƙofa, ya rubuta lokaci da sunan duk wanda ya riga ya shiga.

Hajiya ta ɗakin gwaji: Tsumman nan fa, don Allah kada a ƙulle shi a leda. Danshi na kawo fumfuna, DNA, wato ƙwayar halittar da ke cikin jinin wadda ake gane mai shi da ita, ya lalace. Jami'in 'yan sanda ne zai sa safar hannu, ya bar shi ya bushe a inuwa, ba a rana ba, sannan ya sa a ambulan ɗin takarda. Kowane abu da nasa ambulan, ana sauya safa tsakani, in ba haka ba wannan ya gurɓata wancan. Gilashi kuwa ta gefe ake kama shi.

Lauya: Haka ne, Hajiya. A liƙe ambulan, a sa hannu da kwanan wata a kan liƙin, duk wanda ya karɓa shi ma ya sa. Giɓi guda a jerin sa hannun ya isa a ce wa kotu an musanya.

Malam na Bukuru: Sawun da ke waje, a kifa masa bokiti saboda ruwan saman Jos. Hotonsa daga sama ake ɗauka, da rula a gefe.