Ɗana ya bar addini, mahaifinsa ya yanke shi

Assalamu alaikum, shawara nake nema. Babban ɗana, mai shekara 27, yana aiki a Jos. Da Ƙaramar Sallah ya zo gida Zariya ya shaida mana ya koma Kirista. Malam ya rantse ba zai ƙara taka masa gida ba, ya hana ƙannensa kiransa.

Ni na kasa, wallahi. Ni na goye shi, kuma har yau yana aiko mini da kuɗin magani. A ɓoye nake kiransa, alhali ban saba ɓoye wa Malam komai ba. Na kawo masa aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, sai ya tashi ya fita.

Wa zan sa ya tausa shi, yayansa ko limamin unguwarmu? Iyayen da suka taɓa shiga wannan hali, don Allah yaya kuka yi?