Kalolin tuta sun narke min a linear-gradient

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum yan uwa. Ina haɗa wa yayana ɗan shafin intanet na shagon atamfarsa anan Garwa, yace lallai saman shafin ya fito da tutar Kamaru, kore ja rawaya a tsaye. A CSS, wato yaren da ake yi wa shafi ado da shi, na rubuta background-color: linear-gradient(green, red, yellow) shiru kake ji, fari fat, dana maida shi background kawai sai ya fito amma a kwance kuma kalolin sun shige juna, tsakanin kore da ja wani irin jirwaye kamar ruwan Binuwai da damina. Dan Allah ina na kauce?

Na Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ita burauza, wato manhajar buɗe shafi, bata ɗaukan gradient (jerin kaloli masu shigewa juna) a matsayin kala, hoto ne a wurinta, shi yasa background-color ya ƙi karɓa, sai background ko background-image. Kuma in baka nuna mata hanya ba daga sama take zubowa ƙasa, wato 180deg (digiri 180), kai kuma to right, daga hagu zuwa dama, kake so ko 90deg duk ɗaya ne. Narkewar nan ai aikin gradient kenan, dabarar itace inda kala ɗaya ta tsaya nan ta gaba zata tashi, babu tazarar da zasu gauraya:

background: linear-gradient(to right, green 33.33%, red 33.33% 66.66%, yellow 66.66%);

Yar Njamena:
Gaskiyar malam, haka nayi tamu ta Chadi, shuɗi rawaya ja. Amma kaga green ɗin nan lambar kalarsa #008000 ce, baiyi kama da koren tutarku sosai ba, gwada #007A5E. Sannan kar ka kuskura ka ɗora farin rubutu kan rawayan, mai waya a tsakar rana bazai ga komai ba wallahi, ni dai da ni ce siririn layi zanyi na tutar, sunan shago ya zauna ƙasansa.

Ɗan Garwa:
Kai madalla ya fito tsaf! Saura tauraron tsakiya, yaya yace tuta ba tauraro ba tamu bace.

Na Marwa:
Hhh yayanka yafi ka gaskiya. Wannan kam linear-gradient bazai zana maka ba, nemo SVG na tauraron, wani nau'in hoto ne, ka rubuta url ɗinsa, wato adireshinsa, kafin gradient da waƙafi tsakani, wanda aka fara rubutawa shi ke zama a sama. Ka sa masa center (tsakiya) da no-repeat (kar ya maimaitu), in ba haka ba taurari zasu cika maka shafi.