Musayar Waƙa Kan Hydra, Dodon da Aka Cire Daga Wasan Kwamfuta Half-Life 2

Mai Zane:
Assalamu alaikum malamai, na zo da tambaya,
Me Hydra ta yi wa Valve, kamfanin wasan? Ku faɗa min gaskiya.
A bajekolin wasannin kwamfuta, E3 na 2003, aka nuna ta ga duniya,
Ba ƙafa, ba fuska, doguwa kamar igiya,
Tana haske a duhun magudanar ruwa, shuɗiya,
Ta soke sojan Combine, maƙiyan cikin wasan, tsininta ya ɓullo ta baya.
Nuwamba 2004 wasa ya fito, babu alamarta ko ɗaya.

Mai Lissafi:
Ƙanena, Ken Birdwell na Valve ne ya ɗauki nauyin ginawa,
Wajen wata shida yana kai, yana bari yana dawowa.
Dodon da aka saba, mai zane ke tsara masa takawa,
A adana motsin, injin wasa ya riƙa maimaitawa.
Ita kuwa gaɓoɓi ne a jere, kowace na bin 'yar'uwa,
Kanta ya nufi abin hari, saura su biyo da lanƙwasawa,
Kwamfuta na auna bango da ƙasa, kar gaɓa ta yi nutsewa,
Nan take ake lissafin, kowane motsi sabon shiryawa.

Mai Zane:
To yaya, in lissafi ya fita, ina kuma matsala?
A zubar da aikin wata shida, ai an sha banzar wahala!

Gwanar Gwaji:
Malam, a wasan nan ta idon jarumin, Gordon Freeman, kake gani.
In ta far wa soja kana gefe, ka ga tsawo, ka ga tsini,
Ka ga yadda ta ja baya ta kawo suka, kallo na zamani.
In kai ta nufo, tsawon ya ɓace, sai dunƙule mara bayani,
Kafin ka san ta ina za ka kauce, ka kwanta cikin jini.
Ka sake farawa, ka sake mutuwa, babu darasi mai amfani.
Birdwell kansa ya haƙura da ita, da ciwon rai, ba magani.

Mai Lissafi:
Hajiya ta faɗi daidai, bari in ɗan ƙara.
Dodo Tentacle na Half-Life na farko, 1998, shi ma yana sara,
Amma makaho ne, ba ya bin komai sai ƙara.
Ka durƙusa ka lallaɓa, ko ka jefa gurneti nesa ka jira,
Ya juya can, kai ka wuce, ga doka ga dabara.
Ka buɗe mai, ka buɗe oksijin, lantarki ma ka gyara,
Injin roka ya babbake shi, ka san dalilin nasara.
Dodo Barnacle ma harshensa a rataye, ka gan shi kafin ka tunkara.

Mai Zane:
Da ni ne, Hajiya, da na sa ta yi kuka kafin hari,
Ta ja baya daƙiƙa guda, hasken kanta ya koma fari,
Tsakiyarta a bar rauni, harsashi ya same shi da sauri.

Gwanar Gwaji:
Kukan na karɓa, Malam, farin hasken ma ya yi.
Amma tsakiyar tana bayan kai, shi ya tare maka layi.
Sai in an buɗe fili, ta ɓullo daga gefe ka ga tsayi,
A matsattsiyar magudana kuwa, ina wurin kewayi?